DARE MA GARI NE: Raddi Ga Masu Son Alƙalami Ya Kwanta Da An Yi Isha'i

Bahaushe ya yi wa dare kirari biyu. Ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. Mu marubutan Hausa mun ɗauki na biyun mun rataya a wuya kamar laya, na farkon kuwa mun bar shi inda muka same shi. Duba littattafanmu ka gani. Da zarar an idar da sallar isha'i a cikin labari, mutanen kirki duk sun shige gida sun ja ƙyaure, wanda ya rage a waje kuwa ko dai ɗan iska ne, ko ɓarawo, ko yarinyar da marubuci ya riga ya yanke wa hukuncin cikin shege tun a babi na biyu. Garin nan da ke cike da mutane har ƙarfe ɗayan dare, mai shayi na fifita wuta, mai tsire na juya tsinke, janareta na ruri, samari sun yi cincirindo sun ƙura wa allo ido, babu shi a adabinmu ko da a mafarki.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da aka yi a wani zaman karatu a nan Daura. Wani matashi ya karanta mana gajeren labari a kan ɗan acaɓa da ya kwashi cinikin yini ya fita yawon dare, ya fara da teburin sunuka, ya zarce shagon cacar ƙwallo, ya ƙare a gidan gala a wani garin kasuwa na bakin iyaka, ya dawo da asuba aljihu wayam, ga mai babur na jiran balas. Labarin bai zagi yaron ba, bai kuma yabe shi ba. Kafin ya zauna sai wani babba daga cikinmu ya miƙe ya ce irin wannan rubutu talla ce ga alfasha, wai marubucin kirki ba ya kai alƙalaminsa inda ba zai kai ƙafarsa ba, kuma in ma ta kama dole a ambaci irin waɗannan wurare, to a tabbata duk wanda ya shiga ya ga sakayya kafin a rufe littafi. Ina girmama furfurarsa, amma maganar ba daidai ba ce. Da yake kuma ra'ayin ba nasa ne shi kaɗai ba, na yawancinmu ne, gara a baje shi a faifai kowa ya tsinta.

Ƙarya ta farko da muke yi wa kanmu ita ce wai hirar dare da nishaɗinta baƙi ne, Turawa suka kawo, ko fim ɗin Indiya, ko wayar hannu. Haba jama'a! Dandali fa? Kakanninmu a farin wata suke fita, a kaɗa kalangu, 'yammata su yi gaɗa, samari su yi kāri da abin da ke aljihunsu. Da kaka ta yi, dambe da kokawa da kalankuwa sai a kwana ana yi. A garuruwan kasuwa kuwa akwai gidan magajiya, inda ake goge, ake karta, fatake ke sauka su kashe abin da suka samo. Mu mutanen Daura ma ya fi kamata mu tsaya a kan wannan kalma. Magajiya sarauta ce mai daraja, da ita muke kiran Daurama, amma bakin jama'a ya ari kalmar ya ba shugabar mata masu zaman kansu. Ba cin fuska aka nufa ba. Abin da ya nuna shi ne gidan yana da shugabanci da tsari, hukuma ta san da shi, 'yan siyasar jamhuriya ta farko ma, na NEPU da na NPC, sun san hanyar ƙofarsa in lokacin tara jama'a ya yi. Wanda ya ce wannan duniya jiya ta faɗo mana daga sama, ko dai bai san tarihi ba, ko kuwa ya sani yana so ya manta.

Ga hujja kwance a ƙasarmu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kawo gawarsa Daura aka rufe, saboda abin da ke tsakaninsa da Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Yau ɗalibai na rubuta kundaye a kansa, malamai na tsamo hikima daga baitocinsa. To wai a ina Shata ya yi da yawa daga cikin waƙoƙin nan? A bayan sallar asuba ne a zaure? Kowa ya san amsa. A otal-otal da kulob-kulob ya yi su, tsakar dare, a gaban direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata da matan da ba su da miji, kuma bai ɓoye ba, har abin da ake sha a wurin ya waƙe. Mutumin da zai saka Shata a mota daga nan har Katsina yana kaɗa kai, sa'an nan ya zo ya hana yaro rubuta labarin wurin da aka haifi irin wannan waƙa, yana shan romo ne yana tsine wa tukunya.

Bari mu ɗan zagaya tare, ya kai ɗan'uwa, tun da an ce gani ya kori ji. Fito bayan isha'i a daren da manyan ƙungiyoyin Ingila ko na Sifen ke karawa. Tun daga nesa za ka ji gidan kallo kafin ka gan shi, rumfar langa-langa ce da benci a jere, allo biyu ko uku a gaba, an rubuta wasannin ranar da alli a ƙofa, yaro na karɓar kuɗin shiga. A ciki akwai tela da malamin firamare da ɗan sanda da ya cire kaki da almajirin da ya tara canjinsa, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba ka gani ko a wurin ɗaurin aure. In aka jefa ƙwallo a raga rumfar sai ta yi kamar za ta tashi. Gefe guda ga teburin sunuka a ƙarƙashin ƙwai ɗaya, kyallensa ya ƙoƙe, an sa kwali an tokare ƙafa guda, wanda aka cinye shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da riƙe sanda har a samu mai kayar da shi. Can ƙurya yara da manya sun duƙufa a kan gem, kowa da abin latsawa a hannu, ana ta gardamar wanda ya fi iya sarrafa 'yan wasan da ba su da rai. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake ƙulla cinikin waya, a nan ake sanin wanda aka kai kuɗin aurensa da wanda aka mayar masa. Mutum nawa ne a wannan rumfa suka aikata abin da ya kai a kira shi alfasha? Yawancinsu sun zo ne don ɗakin da suke kwana su biyar ne a ciki, babu wuta, ga zafi, ga sauro. Wannan shi ne dare mahutar bawa, kuma ba mu rubuta shi ba.

Amma kada a ce na shafa wa abin zuma. Taku kaɗan daga nan akwai inda guba take, kuma abin takaici ita ma ba mu rubuta ta ba, domin wa'azi muke yi a kanta ba tare da mun san yadda take aiki ba. Ɗauki cacar ƙwallo. A littattafanmu in an ce caca sai a kawo mutane huɗu a kango da karta da wuƙa, alhali cacar yau ba ta da kango, ba ta ma bukatar shago, tana cikin aljihun yaron da ke sahun gaba a masallaci. Yadda take cin mutum kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Ba a cika sa kuɗi a wasa ɗaya ba, don ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai a jera wasa goma ko ashirin a tikiti guda, a nuna maka cewa 'yar naira ɗarinka za ta haifi dubban ɗaruruwa, da sharaɗin kada ko ɗaya ya kuskure. To mu ƙaddara kowane wasa canki-in-canka ne, rabi da rabi. Damar ka dace da goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. In ka kai su ashirin, ɗaya ce cikin 1,048,576. Abin da ke riƙe yaro kuwa ba cin ba ne, kusan-cin ne: tara suka shigo, ɗaya ya yanke, sai ya kwana yana gaya wa kansa saura ƙiris. Wannan "saura ƙiris" ɗin ita ce labarin. A cikinta akwai kuɗin makaranta da jarin uwa da babur ɗin mutane. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne, ba na tarayya ba. Madalla. Sai dai an rufe ƙofar shago, ba a rufe waya ba, kuma marubucin da bai san bambancin ba zai ci gaba da rubuta wa yara labarin kango suna dariya.

Sai gidan gala, wanda shi ne asalin abin da ke ta da hankalin dattawanmu. Fili ne da aka kewaye, galibi a bayan gari ko a garin da kasuwa ke ci, da dandamali da lasifika. A kan fara da 'yar dirama ta ban dariya, sa'an nan a saki waƙoƙin fim, 'yammata da samari su hau su taka, sanƙira na kiran sunayen masu abin hannu yana zuga su, su kuma su taso su yi liƙi. A nan kuɗin yake. Kuɗin ƙofa na janareta ne da mai fili, liƙi shi ne kasuwar, shi ya sa ba ka rasa mai POS da mai canjin sababbin takardu a kusa. (Ga mai son sani, dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙi da naira, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, kuma dokar ba ta ware gidan biki na masu hali ba.) To tambayar da nake yi wa 'yan'uwana ita ce: kuɗin wa ake liƙawa? Ɗan acaɓa nawa zai zubar? Wanda ke tsayawa ya yi ruwan takardu har sanƙira ya shaƙe, ba yaro ba ne. Dillalin hatsi ne da ya yi ciniki, ko mai fiton kaya ta bayan iyaka, ko ma'aikacin da ya bar iyali ba cefane, ko wani mai rawani a zuci da ya ajiye mota nesa ya ƙaraso a ƙafa.

Wannan mutumin shi ne babu a littattafanmu, kuma nan ne ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Kullum yarinyar ce. Ita ce mai kwaɗayi, ita ta bijire wa iyaye, ita za ta kamu da ciwo a babi na ƙarshe ta dawo tana kuka a gafarta mata. Ba mu tambayi yadda aka yi ta hau dandamalin ba. Sau nawa aka sake ta kafin ta cika ashirin? 'Ya'ya nawa ta bari wurin tsohuwa a ƙauye, wa ke aika musu da na masara? Cikin abin da aka liƙa mata nawa ke zama nata bayan mai gida da sanƙira da mai saka kiɗa da mai hayar kaya sun cire rabonsu? In aka kai samame wa ake ɗauka a mota a nuna a gaban kyamara, wa kuma ke sulalewa ta baya ya bayyana da safe a majalisa yana Allah-wadai da lalacewar zamani? Marubucin da ya hukunta mai rawa ya ƙyale mai liƙi bai yi wa'azi ba, ya yi abin da kura ke yi ne, ta bar mai sanda ta bi mai rauni.

Magabatanmu ma ba su kai mu tsoro ba. Shu'aibu Maƙarfi ya kawo karuwa tsakiyar dandali a Jatau Na Kyallu tun wajen 1960, ya sa ta yi magana da bakinta, aka kuma karanta wasan a makarantu ba wanda ya ce an ɓata tarbiyya. Umaru Ɗanjuma Katsina a Kulɓa Na Ɓarna ya nuna yatsa ga alhajin da ke hure wa 'yar makaranta kunne. Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kwikwiyo, 1990, ta tsaya a kan magidancin da ya wofintar da mace da 'ya'ya tara saboda matar bariki, kuma don ta kalli namijin ido da ido ne littafin ya yi rai har aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Littattafai nawa na wancan lokaci da suka ƙare da tuba da istigfari a shafin ƙarshe wani ke tunawa da su yau?

Ƙarya ta uku ita ce in an hana an gama. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun fi kowa sanin ba haka ba ne. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Katsina ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka rufe mashaya da gidajen mata. Ina suka tafi? Ba sama suka tashi ba. Da yawa sun tsallaka Nijar, masu neman su kuma suka bi su, har wasu ƙauyukan ƙetare da ba a san su da komai ba suka wayi gari da kasuwar dare. Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiyar ƙiftawa da bismilla ce, kowa ya sani. A can ɗin ma ba su tsira ba, domin a Nuwamban 2000 masu zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi da aka shirya a Yamai sun far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi, suka cinna wuta. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta kafa hukumar Hisba a jiharmu. Da dokar 2000 ta kashe abin, da me za a kafa sabuwar hukuma ta yaƙa? Ba ina cewa kada hukuma ta yi aikinta ba. Ta yi. Amma aikin hukuma daban, na marubuci daban. Hukuma na rufe ƙofa, mu namu shi ne mu faɗi abin da ya kai mutum bakin ƙofar, da inda ya nufa da ya tarar an sa kwaɗo.

Akwai wani tsohon misali da ya kamata kowane marubuci ya riƙe. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka hallaka. Nan da nan gari ya ɗauka cewa fushin Allah ne ya sauka a kan 'yan kallo. Wannan fassara tana da daɗin faɗi, domin ta wanke kowa sai mamatan. Amma wanda ya tsaya a nan ba zai taɓa tambayar ƙofa nawa gidan ke da su ba, ko mutum nawa aka cusa a ciki, ko wa ya ba da izinin ginin. Haka muke yi har yau. Kalmar "alfasha" ta zama mana bargo, muna lulluɓe duk tambayar da za ta kai mu ga mai fili da mai ba da lasisi da mai karɓar na goro duk mako don ya kau da kai.

Na san abin da za a ce: ƙwaya fa? Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya shafi shekarar 2017, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. To amma a tuna abin da ya jawo hanin. Shekara da shekaru ana wa'azi a kan abin bai motsa ba, sai da 'yan jaridar BBC suka shiga inda ake cinikin, suka nuna kwalba daga masana'anta har hannun mai sha, cikin 'yan kwanaki aka ɗauki mataki. Wato abin da dattijonmu ke kira talla, shi ne ya yi maganin da tsawa ta kasa. Daɗin daɗawa, binciken ya tona cewa shan ba a gidan rawa kaɗai yake ba, har cikin ɗakunan matan aure ya shiga, inda babu dandamali babu sanƙira.

Akwai kuma wasu da ba zan ƙyale ba, don kada su ɗauka ina kare su ne. Su ne masu rubutun batsa da ke sayarwa shafi-shafi a WhatsApp, waɗanda daren nasu duk otal ne mai hawa goma da motoci da gadaje. Su ma ƙarya suke yi, irin ta masu wa'azin, sai dai an juya ta. Wancan ya ce wurin wuta ne, wannan ya ce aljanna ce, dukansu ba su ji warin kwata da hayaƙin janareta ba, ba su ga mai rawa ta cire takalmi da asuba ƙafa a kumbure tana ƙirga 'yan takardun da suka rage mata ba. Kuma mu muka ba su filin. Da marubutan da suka iya alƙalami suka ƙi taɓa dare, sai waɗanda ba su iya komai ba sai tsiraici suka gaje shi.

Batun cewa alƙalami ba ya zuwa inda ƙafa ba za ta je ba, wannan ko a ilmin addini ba haka ake yi ba. Malaman fiƙihu sun yi babi-babi a kan giya da caca da zina, sun fayyace su dalla-dalla, ba wanda ya ce sun yi musu talla. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya cika littattafansa da gidajen shayi da mashaya da 'yan daba na Alƙahira, kuma ta nan duniya ta san Masar ta ainihi. Dostoyebski na Rasha ya rubuta littafinsa a kan ɗan caca a 1866 cikin ƙasa da wata guda, bashi na bin sa, har yau kuwa masu nazarin jarabar caca na komawa gare shi. Ban ce kowa ya je ya zauna a gaban dandamali ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kada ya je. Amma mai shayin da ke ƙofar wurin yana da baki, haka ɗan acaɓan da ke kwaso mutane da tsakar dare, da mai gadi, da ma'aikaciyar asibitin da ke karɓar abin da daren ya haifar, da magatakardan kotu. Zama ake yi da su a saurara. Abin da ba ya halatta shi ne mutum ya zauna a ɗaki ya ƙago wurin da bai gani ba, bai tambaya ba, ya kuma yanke wa mutanen cikinsa hukunci.

Mu kuma yi hattara da sandar da muke ɗagawa, don an taɓa dukanmu da ita. A 2007 an tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yammata a Kano aka banka musu wuta a gaban Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A shekarar da ta biyo hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista, su riƙa kawo rubutunsu a duba kafin a buga. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce dai wannan, wai rubutun na ɓata tarbiyya. Marubuta suka yi tsaye suka ce ba su yarda ba. Abin kunya ne a ce abin da muka ƙi karɓa daga hukuma, yau mu ne ke yi wa ƙannenmu a zaurenmu, ba tare da ko takardar doka ba.

Daura ta yau kuma ba Daurar da dattijonmu ya tashi a ciki ba ce. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar aka aza harsashin jami'ar sufuri, ga kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. Ma'ana samari da 'yammata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, nesa da iyayensu, da 'yan kuɗin kashewa da dogon dare. Daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa kuma matasa na ta kwararowa neman abin yi, balle da rufe iyaka na 2019 da na 2023 suka karya sana'o'in da yawa daga cikinsu. In ban da masallaci, wane wuri ne a buɗe bayan isha'i da saurayi zai shiga ya zauna ba tare da an ce ya kawo kuɗi ba? Mu da ke kukan yara ba sa karatu, wane dare muka taɓa kunna fitila muka ce ga wasan kwaikwayo, ga karatun waƙa, a zo kyauta? Hawan Sallar Gani sau ɗaya ne a shekara, sauran darare ɗari uku da hamsin da 'yan kai mai janareta muka bar wa.

Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda ya ratso ta Kazaure ya biyo ta Daura. Tarihin jirgin ƙasa a ƙasar Hausa a bayyane yake. Ya isa Kano a 1911, Sabon Gari ta bunƙasa da otal-otal ɗinta. Ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma duk inda ya tsaya sai da bariki ta tsiro a gefen tasha, da masu abinci da makaɗa da 'yan karta da matan da suka gudo daga auren dole. Funtuwar nan ita ta riƙe Shata, ita ta ba mu Barmani Choge. Tashar Daura ba za ta zama dabam ba. Za a yi lebura da ɗan dako da baƙon da jirgi ya sauke tsakar dare bai san kowa ba, za a kuma samu mai kafa rumfa ya kunna musu fitila. Hisba za ta zo da motarta, ɗan jarida zai zo da kyamararsa, mai rubutun batsa ma ba za a bar shi a baya ba. Mu kaɗai ne har yanzu muke gardamar ko ya halatta mu leƙa.